Ranar da kamfanin litiyam zai naɗe tabarmarsa

Duk sanda aka tara jama'a za a aza harsashin wata masana'antar litiyam, ma'adinin da ake yin batir da shi, a ƙasar nan, lissafi iri ɗaya ake karanto mana: dala miliyan kaza za a zuba, injin zai riƙa cin tan kaza na dutse a rana, matasa kaza za su samu aiki. A yi tafi, a ɗauki hoto, kowa ya shiga motarsa. Ban taɓa jin wani ya karɓi lasifika ya tambayi abin da zai faru ranar da kamfanin zai rufe ƙofa ya kama gabansa ba. Mu mutanen Jos da wannan tambayar muke farawa, don mun ga irin wannan rana a kan kuza, kuma har yau a cikin abin da ta bar mana muke zaune.

Gara in faɗa tun da wuri, ba adawa nake yi da masana'antun ba. Dutsen nan haƙarsa ake yi ko da masana'anta ko babu, a ɗura a buhu, a loda a tirela, sai Legas. In za a tsaya a niƙa shi a nan, a wanke shi a nan, wasu 'ya'yanmu su ɗauki albashi, hukuma kuma ta san yawan abin da ke fita, an samu ci gaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa hannu a takarda alhali ba a rubuta komai a kan ƙarshen zaman ba.

A watan Oktoba na 2023 ministan ma'adanai, Dele Alake, ya je Endo a Ƙaramar Hukumar Nasarawa ya aza harsashin wata masana'anta da aka ce za ta ci dala miliyan 250. A watan Mayu na 2024 shugaban majalisar dattawa, Godswill Akpabio, ya wakilci shugaban ƙasa wajen buɗe ta kamfanin Avatar, ita ma a jihar Nasarawa, aka ce tana iya sarrafa tan 4,000 a rana. A 2025 ministan ya sake ba da labarin wata ta dala miliyan 600 a wajajen iyakar Kaduna da Neja, da wata ta miliyan 200 a bayan garin Abuja. Galibin kuɗin na 'yan Chaina ne, kuma dalilinsu a fili yake. A 2024 an sayar da motoci masu aiki da lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da ɗaya a cikin kowace sabuwar mota biyar, mafi yawansu a Chaina aka ƙera su, kuma kowace na ɗauke da batir mai buƙatar litiyam.

Tan 4,000 ɗin nan ya kamata a tsaya a kansa, don shi ne ke ruɗin mutane. Lissafin dutsen da ke shiga inji ne, ba na kayan batir da ke fitowa ba. Da gishirin litiyam ne tatacce, da masana'antar ita kaɗai ta kai abin da duniya gaba ɗaya ke samarwa a shekara. Dutsen da ake fasowa daga rami, a yawancin mahaƙan duniya, litiyam ɗin cikinsa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Aikin masana'anta ta farko shi ne ta farfasa shi, ta niƙa, ta wanke da ruwa da sinadarai, ta ware tsakuwar banza, har a samu gari mai kashi shida ko kusa da haka. A nan ne muke. Bayan wannan sai a gasa garin a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000, a cakuɗa shi da asid irin wanda muke kira ruwan batir, a sake gasawa, a jiƙa, a yi ta tacewa har ya zama farin gishiri mai tsabtar kashi 99.5 cikin ɗari. Sai an ci tan bakwai zuwa takwas na garin kafin a samu tan ɗaya na gishirin. Daga nan wata masana'anta ta haɗa shi da ƙarfe da fosfat, ko da nikel da manganis da kobal, wata kuma ta yi ƙwayoyin batir da shi, wata ta harhaɗa ƙwayoyin ta sa a mota. Kusan kashi biyu cikin uku na tacewar nan a Chaina ake yinta. Mu dai mun casa shinkafa mun sheƙe ƙaiƙayi. Tukunyar da murhun da masu cin tuwon duk suna wani gida.

Wani zai ce to ai maganar ta zo da sauƙi, a matsa wa kamfanonin su ƙara hawa mataki, su tace a nan, su yi batir a nan. Gwamnatin tarayya ma abin da take ta nanatawa ke nan, cewa ba za a ba da lasisi ga wanda bai zo da shirin sarrafawa a cikin gida ba. Ina goyon bayan haka. Amma tarihin garinmu ya nuna cewa sarrafawa kaɗai ba ta ceton kowa.

Tun kafin Bature ya zo ana narka kuza a ƙasar nan. Maƙeran Ririwai da na Liruwen Dalma kan fitar da ita siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwannin Kano da gaba. Waɗannan tsinkayen ne Turawan kamfanin Neja suka gani suka bi sawu, har masu bincikensu suka iso tsaunukan nan a 1902 da 1903. Cikin shekaru kaɗan kamfanoni suka cika ko'ina, sana'ar maƙeran gargajiya ta mutu. A 1914 siririn layin dogo ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, ba don fasinja ba, don kuza. A 1927 aka jona mu da layin Fatakwal ta Kafanchan. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kanmu. Aka yi ta kwaso dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa a kan tilas, aka zuba su a barikoki cikin sanyin Filato ba bargo ba isasshen abinci, da yawa ba su koma gida ba. A 1943 an fitar da sama da tan 17,000, ba a sake kai wannan adadi ba. Tsofaffin unguwarmu da suka ji daga bakin iyayensu, in suna ba da labarin shekarun nan murya ƙasa-ƙasa suke yi.

Akwai wani babi da ya fi kama da na yau. Shekara da shekaru ana zubar da wani baƙin yashi da ke fitowa tare da kuza, ana ganinsa datti. Kwatsam a farkon shekarun 1950 Amurka ta buƙace shi don ƙarfen injin jiragen sama, ta shiga saye tana tarawa. Kolombayit ke nan. Aka koma kan tsofaffin juji ana tonawa, Najeriya ta zama ita ce ke ba duniya mafi yawansa, kuɗi suka shigo Jos kamar ba za su ƙare ba. Da Amurka ta ce rumbunta ya cika, farashi ya faɗi warwas. Ba wanda ya yi mana laifi a shari'ance. Mai saye ya daina saye, shi ke nan.

To ga inda nake so masu murnar sarrafawa su saurara. A farkon shekarun 1960 an gina masana'antar narka kuza ta Makeri a nan Jos. Aka daina kai ɗanyen yashi Ingila, aka koma fitar da sandunan kuza tatacciya. Wato matakin da ake mana alkawarinsa yau a kan litiyam, mu mun taka shi tun shekara sittin da suka wuce. Duk da haka da kuzar sama-sama mai sauƙin wankewa ta ja baya, mai ya zo ya ɗauke hankalin gwamnati, naira ta yi ƙarfi har fitar da kaya ya daina riba, Turawan suka fara janye jiki bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, sai harkar ta shiga tangal-tangal. A watan Oktoba na 1985 majalisar kuza ta duniya ta rasa kuɗin tare farashi, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, farashi ya karye kusan rabi. Abin da ya rage na manyan kamfanoni a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi ya ƙarasa durƙushewa. Tanderun Makeri bai hana komai ba, don tanderu ba ya aiki sai da abin da za a zuba masa.

Me aka bar mana? Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya gani. Kududdufai ne birjik, wasu zurfinsu ba wanda ya sani, ga tuddan jar ƙasa a gefensu da ruwan sama ya zaizaye. Na tsaya a bakin ɗaya a wajajen Bisichi da rani. Ruwan kore shar, shiru, bakinsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, babu gangaren da saniya za ta sauka ta sha ta hauro. A gefe guda wani manomi ya kafa injin ban ruwa yana shayar da kabeji da karas, can gaba yara na wanka a inda aka ce musu kada su je. Mutanenmu sun san yadda za su ci moriyar abin da aka bar musu, har wurin shaƙatawa aka yi a bakin na Rayfield, amma kowace unguwa da ke kusa da irin ruwan nan tana da labarin yaron da ya shiga bai fito ba. Kamfanin da ya haƙa ramin kuwa ko sunansa babu a rajista yanzu, balle a kai shi ƙara.

An bar mana wani abu da ya fi ramuka zurfi, ko da yake ba a son faɗa. Kamfanoni sun karɓe gonakin Birom da sauran mutanen ƙasar a kan diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, suka kawo leburori daga ko'ina, kakanninmu a cikinsu, aka kafa barikoki suka zama garuruwa. Da aiki ya ƙare, wanda ya haɗa mu ya tafi abinsa, ya bar mu da tambayar waye mai ƙasa waye baƙo. Ba na cewa kuza ce kaɗai ta haifar da rikicin da ya ɓarke a Jos a watan Satumba na 2001 da abin da ya biyo baya. Amma wanda duk ya ce babu hannunta, bai san garin ba. Yanzu haka matasa daga Zamfara da Katsina da Kano da ma ƙasashen maƙwabta suna kwarara zuwa ramukan Nasarawa da Kwara da Kogi, ana kafa bukkokin leda a gonakin mutane. Ban ji wanda ke tunanin yadda zamansu zai kasance da masu gonakin nan da shekara ashirin ba.

Sai dai ba duka ne asara ba, kuma a nan ne darasin da na fi so a ɗauka yake. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO don ya ba mahaƙa wuta daga ruwan Kurra. Kuza ta tafi, siririn layin dogon Zariya an tumɓuke shi tun 1957, amma wutar Kurra na nan tana haska gidaje da masana'antu a yankin Bukuru da Barikin Ladi. Haka cibiyoyin da aka kafa saboda ma'adanai, irin su cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da makarantar koyon haƙar ma'adanai da sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Jos, har yau suna fitar da mutane. Abin da aka gina don amfanin kamfani kaɗai ya mutu tare da kamfani. Abin da ya zamo yana da amfani ga wanda ba ruwansa da kuza, shi ne ya rayu.

Kada wani ya ce ranar tafiyar tana da nisa. A watan Nuwamba na 2022 tan ɗaya na gishirin litiyam ya kusa yuwan 600,000, kuɗin Chaina. Kafin ƙarshen 2023 ya sauko ƙasa da 100,000, a tsakiyar 2025 kuma yana wajen 60,000. A Ostireliya, wadda ta fi kowace ƙasa haƙar litiyam, mahaƙar Finniss da aka buɗe a ƙarshen 2022 ta dakatar da haƙa a farkon 2024. A Suwidin kamfanin Northvolt, da Turai ta ɗora wa burinta na yin batir, ya tara biliyoyin daloli amma ya karye a watan Maris na 2025. Ga kuma kamfanonin Chaina irin su CATL sun fara yin batir da sodiyam, wanda ake samu a gishirin miya. Farashi zai sake hawa, zai sake sauka, haka kasuwar ma'adanai take tun fil azal. Kamfani ya san da haka, shi ya sa yake lissafin mayar da kuɗinsa cikin 'yan shekaru. Mu ne kaɗai ke shiga yarjejeniyar kamar za a dawwama.

Wani ɗan maƙwabcinmu ya yi watanni a ramukan litiyam ta wajen Nasarawa, ya dawo da tari da 'yan kuɗin da ba su kai na babur ɗin da ya tafi nema ba. Na tambaye shi yadda ake ciniki. Ya ce, "Kawu, ai ba ciniki ba ne. Mu fasa dutse, mu tsince mai kyau da hannu, mu cika buhu. Dillali ya zo da sikelinsa ya auna. Ya ɗebi kaɗan ya ce zai kai gwaji. Gobe ya dawo ya ce kashi kaza ne, ga kuɗinku. In ka ce ba ka yarda ba, ya ce ɗauki kayanka ka kai inda za a ba ka fiye." Na ce to me ya hana ku gwada da kanku? Ya yi dariya ya ce, "A ina, Kawu?"

Gaskiyarsa. Masu sayen kuza da kolombayit a shagunan Jos suna da wata na'urar hannu mai kama da bindiga, a haska wa yashi ta nuna abin da ke ciki nan take, mai kaya na tsaye yana gani. Irin wannan na'urar ba ta ganin litiyam, saboda ƙwayarsa ba ta da nauyin da za ta kama. Sai da wata na'ura ta daban mai tsada, ko a kai ɗakin gwaji. Ma'ana mai saye shi ke da sikeli, shi ke da gwaji, shi ke yanka farashi. Babbar masana'anta a kusa ba ta gyara wannan da kanta, tana ma iya ƙara ɓata shi, don in ta zama ita kaɗai ce mai saye a yanki, kuma an hana fitar da ɗanyen dutse, to mai haƙa ba shi da wata ƙofa sai tata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗakin gwaji na hukuma a kowace babbar kasuwar dutse, inda mai buhu biyar zai biya kuɗi kaɗan a ba shi takarda, ba zai ci ko kashi ɗaya cikin ɗari na miliyoyin da ake ambata ba, ga kuma yaranmu da suka karanta kimiyyar sinadarai suna zaune ba aiki. Amma ba a yanka ƙyalle a kan ƙaramin ɗakin gwaji, shi ya sa ba mai zancensa.

Tarin yaron nan ma ba na sanyi ba ne. Dutsen litiyam ba dalma ba ne, ba zai yi irin kisan da gubar dalma ta yi wa yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Amma ƙurar farin dutse in ta daɗe tana shiga huhu tana lalata shi, kuma cutar ba ta da magani. A watan Disamba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna yara, har da 'yan shekara shida, suna tsintar dutsen litiyam a Pasali ta jihar Nasarawa. Duk masana'antar da ke sayen dutse a bakin ƙofarta ba tare da ta tambayi daga wane rami ya fito ba, da ita ake wannan aiki, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Ana yawan kawo mana misalin Indonesiya, wadda ta hana fitar da ɗanyen nikel a watan Janairu na 2020, kamfanoni suka ruga suka gina matatu a can. Gaskiya ne, amma Indonesiya na riƙe da fiye da rabin nikel ɗin da duniya ke haƙa, in ta rufe ƙofa dole a zo a ƙwanƙwasa. Mu a litiyam ba mu da wannan ƙarfi, Ostireliya da Chile da Chaina da Ajantina da Zimbabuwe duk suna gabanmu. Kuma matatun Indonesiya da tashoshin kwal nasu na kansu suka zo, da hayaƙinsu da haɗurransu. Maroko kuwa, da kamfanin Gotion ya sa hannu a 2024 zai gina masana'antar batir a Kenitra, tana da fosfat da ya fi na kowa yawa, tana da tashar jiragen ruwa ta Tanja, tana da masana'antun motocin Renault da Stellantis da ke jiran batirin, ga yarjejeniyar ciniki da Turai da Amurka. Mu kuwa wutar da ake rabawa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako a cikin duhu. Tanderun da ke buƙatar digiri 1,000 dare da rana ba ya jiran a kawo wuta. Ɗan siyasar da ya ce maka nan da shekara biyu za a riƙa yin batirin mota a Nasarawa, ƙuri'a yake nema.

Tun da haka ne, kowace masana'antar za ta samar wa kanta wuta, ko da gas ko da hasken rana ko da dizal. A nan ne gwamna mai hangen nesa zai sa baki, ya ce tashar wutar a gina ta fiye da buƙatar masana'anta, a ja layi zuwa garuruwan da ke kewaye, a yi mata rajista da sunan kamfani na daban, yadda ko an rufe injin niƙa ba za a kwance ta a loda a jirgi ba. Haka madatsar ruwan da za su yi don wanke dutse, a tsara ta tun farko yadda manoman rani za su gaje ta. Haka ɗaliban kimiyya da injiniya, a rubuta adadin da za a riƙa ɗauka kowace shekara a sa su a ɗakin gwaji da ɗakin sarrafa inji, ba a bakin geti da kan tirela kaɗai ba. Tun ran gini tun ran zane. Kamfanin da ya riga ya kafa injinsa ya fara loda kaya ba ya sake zama teburin sulhu da kowa.

Abin takaici, yawancin wannan ba sabuwar doka yake buƙata ba. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ba tarayya mallakar duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa lasisi daga Abuja yake fitowa, gwamna da hakimi sai dai su ga baƙi da takarda. Amma dokar ma'adanai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a riƙa sabunta ta duk shekara biyar. Ta kuma tanadi asusun kare muhalli da gyara wuraren da aka haƙa, wanda masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki. A takarda komai ya ji. A ƙasa kuwa, abin da aka saba gani shi ne a kira mai gari da mutum uku a ɗaki, a ba su abin goro, a yi alkawarin rijiyar burtsatse da aji biyu, a sa hannu a takardar Turanci da babu wanda ya karanta wa jama'a. An kafa dakarun tsaron ma'adanai a watan Maris na 2024, Gwamna Caleb Mutfwang ma ya dakatar da haƙa a Filato baki ɗaya a watan Fabrairu na 2025 saboda tsaro. Duk wannan kamun masu diga da shebur ne. Ban ga irin wannan zafin nama wajen tambayar manyan kamfanoni nawa suka ajiye na cike rami ba.

Da ni ne mai ba hakiman yankin Udege, inda Endo take, shawara, da na ce kafin su sake sa hannu a wata takarda su cika mota da dattawa da matasa da mata, su biyo ta Keffi da Akwanga, su hau Hawan Kibo su sauka Bukuru. Tafiyar wuni ɗaya ce. Su zauna da dattawan Birom da suka rasa gonaki, su zauna da jikokin leburorin bariki, kowa ya faɗa musu nasa. In sun koma gida za su san abin da za su nema.

Na farko a ciki shi ne kuɗin cike rami da gyara tafkin dagwalon da masana'anta ke zubarwa, don ita ma masana'antar wanke dutse tana tara nata tsibin: a kowace tan shida ko bakwai da ta niƙa, kusan biyar ko shida laka ce mai sinadari da za ta zauna a bayan katanga har abada. Kada a karɓi alkawarin za a gyara in an gama, domin ranar da aka gama kamfanin ba shi da kuɗi, ko ma ya canja suna. A yanka wani abu a kan kowace tan da ta fita daga geti, a zuba a asusun da ba mai iya taɓa shi sai da sa hannun ma'aikatar tarayya da gwamnatin jiha da wakilan garin gaba ɗaya. Majalisar dokokin jihar Nasarawa na da ikon kiran kwamishina ta nemi a kawo mata yarjejeniyar kowace masana'anta. A karanta ta a gidan rediyon jiha da Hausa da Afo da Gbagyi, a manna kwafinta a ƙofar fadar hakimi da allon sakatariyar ƙaramar hukuma, da sunan bankin da adadin abin da ya shiga asusun kowane wata uku.